Lambobi Biyar na Gwaggo Helju

Ranar Litinin da safe na kai Helju Kõiv dajinta a motata. Shekarata tamanin da biyu, har yau ba na sa tabarau in zan tuƙa. Wata guda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, ga wurin kilomita shida daga ƙauyenmu. Muna shan kwana ta ce, "Endel, ka ɓata hanya."

Ban taɓa ɓata hanya ba. Dajin ne babu. Itatuwan da mijinta ya dasa shekara hamsin da suka wuce an kwashe su ƙaf, sai kututture da sawun manyan injuna.

Kafin tsakar rana Sufeton 'yan sanda Urve Pihlak ta iso garinmu, Antsla. Mace ce gajera, ba ta da yawan magana. Ta buɗe kwamfutarta a kan murfin mota, cikin minti goma ta samo kamfanin katakon, ta samo yarjejeniyar.

"Gwaggo Helju, a nan an nuna ke kika sayar da izinin saran. Talata, tara ga watan jiya, sha biyu saura kwata na rana. Da katinki na shaida aka sa hannu."

"Ni? Katina yana cikin jakata, bai taɓa barin hannuna ba!"

Kowa a ƙasar nan ya san tsarin. Haraji, magani, zaɓe, duk a kwamfuta. Ka zura katinka, ka buga lamba huɗu ka shiga, ka buga lamba biyar ka sa hannu. Sufeto ta ce aikinta mai sauƙi ne: wa ya riƙe katin, wa ya san lamba biyar ɗin. Kuɗin dajin an tura su asusun wani mashayi a Tallinn, babban birni, da bai ma san sunan garinmu ba, an kwashe tuni.

Ta fara da Aivar, ɗan Helju, mai aikin gini a Finland. Ta waya suka yi.

"Ina kake ranar tara?"

"A hawa na bakwai, Sufeto, ina ɗaure da igiya. Tambayi ubangidana. Ni da Mama ba ta ba ni ko makullin rumbun dankali?"

Ubangidan ya tabbatar. Aivar ya fita daga zargi.

Saura Kadi Rebane, mai kula da ɗakin karatu. Duk Juma'a tsofaffi kan yi layi wurinta da katinansu, ta taya su aikin gwamnati. Kafin Sufeto ta isa wurinta, ƙauye ya gama yanke hukunci. Hukumar gari ta dakatar da ita. Ni ma, kunya ko ba kunya, na ce a bakin shago, "Tun ranar da yarinyar nan ta zo na gane ta. Ni ba a ɓoye mini mutum." Mutum shida suka ji ni.

Kadi ta amsa tambayoyi idonta ja.

"Kin san lambobin Gwaggo Helju?"

"Ta farko na sani, a gabana take bugawa. In an zo ta biyu, ta sa hannun, juya baya nake. Ita ma ba ta riƙe ta ba, sai ta leƙa taga ta kira Kawu Endel ya raɗa mata."

Sufeto ta rubuta. Ta duba kwamfutar ɗakin karatu, ranar Talatar nan ko kunna ta ba a yi ba. Amma wannan bai wanke Kadi a bakin mutane ba, don ko a gida ana iya zura kati.

Daga nan ta koma kicin ɗin Helju. Ina zaune ina shan kofi. Ta tsaya gaban firij tana duba takardun shago da Helju ke maƙalawa, ta zare guda.

"Tara ga wata, sha ɗaya da minti goma. Shagon Antsla. Burodi, madara, kifin gwangwani, da rangwamen mai kati. Gwaggo, ba kin ce ranar kina kwance ba?"

"Ina kwance mana. Aike na yi."

"Rangwamen fa? A shagon nan sai an zura katin shaida ake bayarwa."

Helju ta ce, "To ai wannan cefane ne, 'yata. Ba aikin gwamnati ba ne. Duk wanda zai shiga gari ba shi nake, ya dawo mini da shi."

"Ranar wa kika ba?"

"Ƙafar nan ta cinye mini kwanaki. Ko Kadi, ko Tarmo, ko mai wasiƙu. Duk sun taya ni."

Tarmo mijin 'yata ne. Na ajiye kofin a hankali.

Sufeto ta juyo. "Kawu Endel, an ce kai ne ma'ajin lambobi."

Gaskiya ne. Ina shekara bakwai aka loda mu a jirgin ƙasa zuwa Siberiya, don sunan babana yana kan wata takarda. Na dawo da ƙafafuna, mutane da yawa ba su dawo ba. Aji biyu na yi a duniya, amma kaina ya fi na malamai. Da aka raba katinan nan na ce wa tsofaffin ƙauye su ƙona ambulan lambobinsu, ni zan riƙe musu. Mutum tara. Ban taɓa manta ko ɗaya ba.

"Ka taɓa faɗa wa wani?"

"Ni? Sojojin Rasha ma ba su ji magana daga bakina ba."

"Ba sojoji na tambaya ba." Ta ja kujera ta zauna. "In babu wanda ya ji daga bakinka, to kai ne ka yi, ko kuwa Kadi ta tsinci raɗarka ta taga. Kai ba ka iya kunna kwamfuta ba. Gobe zan kai ta ofis."

Helju tana kallona. Na dubi tafin hannuna. Sannan na faɗa.

Asabar ce, a sauna, ɗakin wankan tururi, mako biyu kafin Talatar. Mu uku: ni, Tarmo, da tsoho Valdur. Tururi ya yi daɗi, giya ta yi sanyi. Tarmo ya watsa ruwa a kan duwatsu ya ce, "Tsoho, ƙwaƙwalwar nan da kake cika baki da ita ta tsufa. Jiya ka nemi hularka tana kanka." Na ce ya gwada ni. Ya ce, "To faɗi lambar Gwaggo Helju, ta biyun." Na zuba masa ita gaba, na sake zuba masa ita da baya. Har tafi ya yi mini.

"Valdur fa?" in ji Sufeto.

"Ya cire na'urar kunnensa saboda tururi. Ko bindiga aka harba ba zai ji ba."

Da yamma, ina biye da ita, Sufeto ta tarar da Tarmo yana wanke sabuwar tirelarsa. Mai shago ta riga ta shaida wa Sufeto shi ya yi cefanen, ta tuna shi don ranar ya yi mata tsiya a kan kifin gwangwani.

"Daga shago zuwa gidanka minti ashirin ne," Sufeto ta ce masa. "Kati ya fita daga shago sha ɗaya da minti goma, an sa hannu sha biyu saura kwata, ta intanet ɗin gidanka. Aivar ba shi da kati, ba shi da lamba. Kadi tana da rabin lamba. Kawu yana da lamba, ba shi da kati. Kai kaɗai ka haɗa biyun."

Tarmo ya jefar da soson cikin bokiti. Ni ya kalla. "Ai ban matsa maka ba, Tsoho. Da baya ma ka faɗa."

'Yata tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce mini komai ba, kuma har yau ba ta ce ba.

Ranar Juma'a aka mayar da Kadi aiki. Na je na tsaya a tsakiyar ɗakin karatu, tsofaffi na layi, na cire hula.

"Abin da na faɗa a kan yarinyar nan ƙarya ne. Bakina ne ya sare dajin Helju."

Kadi ta gama da wanda ke gabanta, ta ɗago.

"A bakin shago ka faɗa, Kawu. Can za ka je ka maimaita."

Na mayar da hulata na tafi. Shagon cike yake, ranar kawo sabon burodi ce.