Sanda Sannan Tuffa

"Momi! Momi, zo ki gani — na samo ja wur, ko ɗigon rawaya babu a jikinsa!"

Opal ce ta banko ƙofar kicin a guje, takalmanta duk laka, gaban rigarta cike da ganyaye. Shekararta shida, kuma tun da Oktoba ta kama ba ta bar wata bishiya a gonar tuffarsu da ke arewacin Michigan ta sarara ba. Mahaifiyarta Nadine ta ture kofunan shayi gefe tana dariya.

"Zube su nan, 'yar gidana. Ja da ja, rawaya da rawaya. In kin gama ki ƙirga min su, sannan mu manna mafi kyau a littafinki."

Nan da nan tebur ya cika. Ga ganye, ga 'ya'yan kabewa an jera su goma-goma, ga kwanon gam. Opal ta manna jan ganyen, ta fiddo harshe waje, ta shiga rubutu a ƙarƙashinsa kamar mai sassaƙa turmi. Haka ajinsu yake kullum daga tara zuwa sha biyu.

Suna cikin haka aka turo ƙofa ba sallama. Doris ce, uwar mijin Nadine, wadda Opal ke kira Nana, mai gonar da gidajen biyu da ke cikinta. Ta dire kwanon gasasshiyar tuffa mai ƙamshin kirfa, ta bi teburin da kallo.

"Ƙarfe goma na safiyar Talata! 'Ya'yan mutane suna aji, jikata tana nan tana wasa da shara."

"Ba shara ba ce, Nana, lissafi ne!" in ji Opal. "Duba littafina ki gani!"

Doris ta karɓa tana taɓe baki. Amma idonta na sauka a kan rubutun sai fuskarta ta canja. Duk inda ya kamata yarinyar ta sa b ta sa d, inda kuma ake son d ta sa b.

"Tana juya harufa," ta faɗa a hankali.

"Mama, da yawa a shekarunta suna yi, muna kan—"

"Kar ki gaya min abin da yara suke yi!" Doris ta rufe littafin da ƙarfi har gam ya fantsama. "Da an gama tsinkar tuffa, Litinin ta farko a Nuwamba, ni da kaina zan kai ta makaranta. In ba za ki iya gani ba, hanya a buɗe take, amma yarinya jinin gidanmu na Haas ce!"

Ta fice. Opal ta kalli uwarta ido ya cika da ƙwalla.

Ba don ƙin makaranta Nadine ta ajiye 'yarta a gida ba. Ita kanta ta koyar da ƙananan yara shekara biyar kafin aure. Bara sun sa Opal, motar makaranta na ɗaukarta tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa. Yara suka tasa ta gaba da dariya a kan rubutunta, har ta kai kullum da safe sai ta yi amai, ta kuma daina buɗe baki a aji. Da shawarar mijinta Wendell suka cire ta.

Shi ya sa da rana Nadine ta nufi cikin gona da ƙwarin gwiwa. Ta same shi yana loda akwatunan tuffa a bayan tarakta.

"Wen, ka ji abin da Mama ta ce?"

"Na ji." Bai juyo ba. "Ta nuna min abin da ta gani, ta yi min bayani. Gaskiyarta ce, Nadi."

"Gaskiyarta? Ba tare muka yanke ba? Ba kai kake goge mata amai a bakin hanya ba?"

"A lokacin ban san tana juya harufa ba! Me ya sa kika ɓoye min?" Ya dire akwati har tuffa suka gangaro ƙasa. "So kike ta tashi irina? Ta kai shekara talatin da shida sai an karanta mata takardar magani?"

Nadine ta san abin da yake nufi. Wendell mutum ne da zai saurari kukan tarakta ya gaya maka inda ciwon yake, amma bai iya karatu ba. Saura wata guda bikinsu ya faɗa mata, kansa a sunkuye, ya ce in ta fasa ba zai ga laifinta ba. Ta riƙe hannunsa ta ce shi take so, ba takarda ba. Shekara takwas ke nan duk wasiƙar da ta zo ita ke karanta masa a ɗaki, kuma ko yayarta ba ta taɓa gaya wa ba.

"Ka ba ni mako ukun nan," ta ce. "Abin da na roƙa ke nan."

"Ki yi abin da kika ga dama. Ranar Litinin ɗin dai za ta tafi."

Daga ranar gidan ya yi sanyi. Wendell ya koma cin abincin rana wajen uwarsa, in ya shigo gaisuwa kawai ke haɗa su. Nadine ta sha kuka a ɗakin wanki inda Opal ba za ta ji ba. Yayarta ta buga waya ta ce, "Ke wai zaman me kike yi? Haɗo kayanki ki ɗauko 'yarki ki taho!"

"Yaya, ba ƙina yake yi ba. Tsoro ne ya cika shi. In na tafi da wa zan bar shi?"

Ba ta fasa komai ba. Kullum ta aika wa Doris miyar kabewa, ko da kwanon zai dawo ba godiya. Aji kuma sai ma abin da ya ƙaru. Suka ƙirga agwagin daji da ke wucewa kudu a jere, suka auna ƙugun kabewa da zare, suka bi wani kurege har suka gano inda yake binne abincinsa. Harufan nan biyu ne kawai suka ƙi zama. Nadine ta gwada waƙa, ta gwada kati, duk a banza. Ranar nan tana murza fulawa sai dabara ta faɗo mata. Ta baje fulawar a faranti, ta ɗauko guntun reshe da ƙaramar tuffa.

Ranar Alhamis ta mako na biyu aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba halin hawa tsani. Wendell ya zauna a kicin yana gyaran wata fitila, ya ba su baya.

Opal ta leƙa fuskarsa. "Dadi, filis, zo ka zama ɗan ajina. Kabewa ce kawai nake koya wa, ita kuma ba ta amsawa."

"Ina aiki, Opal."

"Minti biyar kacal! Zauna nan. Kuma ban da surutu a ajina!"

Ya saci kallon Nadine, ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Ya ja kujera ya zauna.

"To kalli nan." Opal ta kwantar da reshen a kan fulawa, ta ajiye tuffa a gindinsa ta hannun dama. "Sanda, sannan tuffa. Wannan b ne. In kuma tuffa ce ta riga zuwa, sannan sanda, d ne. Kamar in za ka kaɗo tuffa, sanda kake fara ɗauka, ko? Ita ce b. Yanzu zana da yatsanka."

Wendell ya zana. Ya share, ya sake. Ya ɗauki tuffar ya mai da ita hagu, ya dawo da ita dama. Sai ya miƙe tsaye, idonsa ya sauka a kan buhun fulawar da ke jingine a bango. Ya matsa ya ɗora yatsa a kan wani harafi.

"Sanda... sannan tuffa. Wannan b ne?"

"Shi ne!" Opal ta daka tsalle.

"Wannan kuma d?"

"Dadi ya ci! Momi, Dadi ya ci!"

"Nadi!" Ya juyo ido waje. "Nadi, sun tsaya! Shekara talatin suna min rawa a gaban ido, yau sun tsaya wuri ɗaya!" Ya bi kicin ɗin kamar wanda aka sako, daga gwangwanin madara zuwa kalanda, yana nuna harafi yana ihu, Opal na biye da shi tana tafi. Ya ɗaga ta sama ya juya da ita, gwiwar hannunsa ta doki farantin, fulawa ta tashi ta rufe su su uku fari fat. Nadine tana dariya tana hawaye a lokaci guda.

Da Opal ta tafi wanke fuska, ya durƙusa gaban matarsa ya kama hannuwanta.

"Na ci amanarki, Nadi. Shekara takwas kina rufa min asiri, ni kuma rana ɗaya na juya miki baya."

"Tashi don Allah, gemunka duk fulawa." Ta share masa da bakin rigarta. "Gobe ƙarfe sha biyu ka zo aji. Malamarka ba ta son latti."

Ya kuwa zo. Kullum in masu tsinkar tuffa suka tafi hutun rana, sai ya ajiye hula ya zauna kusa da 'yarsa, Nadine na koya musu haɗa baƙi. Ba a kwana ɗaya ya iya ba. Wata rana ya yi jifa da fensir ya fita, can kuma sai ga shi ya dawo ya ce "sori, Malama," Opal ta ce ta yafe amma kar ya kuma.

Ranar Litinin ɗin, ƙarfe bakwai da rabi, Doris ta shigo da makullin mota a hannu da sabuwar jakar makaranta.

"Opal, sa takalmi. Ke kuma kar ki ce min komai."

"Ba ita za ta yi magana ba, Mama," in ji Wendell. "Ni ne. Ki zauna minti biyu."

"Ba ni da lokacin—"

Ya buɗe littafin ganyen Opal, ya ɗora yatsa a layin farko. Gumi ya keto masa duk da sanyin safiya.

"Ba-ba-na... yana da... go-na." Ya matsar da yatsa gaba. "Na-na tana... ga-sa tuffa... da daɗi. Ina son Nana... ko da... tana fa-ɗa."

Makullin ya suɓuce daga hannun Doris. Ta lalubi kujera ta zauna.

"Haddacewa ka yi," ta ce da ƙyar.

"Rubuta duk abin da kike so ki ba ni, amma gajere."

Ta ja takarda, ta rubuta kalma uku ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, leɓɓansa na motsi. Sannan ya ɗago.

"Ka... ya-fe... min."

Doris ta fashe da kuka irin wanda Nadine ba ta taɓa jin ta yi ba. "Ni na cuce shi, Nadine! Yana shekara tara ubansa ya rasu, duk kaka sai in cire shi daga aji ya taya ni tsinka, wata biyu cur. Malamai suka yi ta aiko takarda wai yana juya harufa, a zo a duba shi. Na zuba su a durowa na ce sai an gama aiki. Aikin bai taɓa ƙarewa ba! Ran da na ga rubutun yarinyar nan, kuma ga ta a gida cikin kaka, sai na ga laifina ne ya dawo zai cinye min jika."

Nadine ta zagayo ta rungume ta. "Mama, ke kaɗai ce a lokacin, da maraya da gona. Opal kuwa mu uku take da su."

"Na ce miki hanya a buɗe take. Da wane ido zan kalle ki, 'yata?"

"Da wanda kike kallon miyar kabewata, ki shanye ki dawo da kwano ba godiya."

Doris ta yi dariya cikin kuka ta kai mata dukan wasa. Da ta natsu ta kafa sharaɗi biyu: duk Juma'a a kai Opal ɗakin karatu na gari ta haɗu da sauran yaran da ake koyarwa a gida, kuma duk ƙarshen shekara a gwada ta a gani. Nadine ta ce ta yarda, in har Mama za ta karɓi ajin ranar Laraba ta koya musu awo da kofi da cokali.

"Su? Har da wannan ƙaton?"

"Shi ne ma ya fi surutu a aji, Nana!" in ji Opal.

Kafin dusar ƙanƙara ta narke a shekarar, Wendell da kansa ya karanta takardar maganin uwarsa a gaban mai sayarwa, ba wanda ya taya shi.

Masu karatu, sau da yawa wanda ya fi tsananta maka a cikin gida ba ƙiyayya ce ke cinsa ba, wani tsohon ciwo ne da ya kasa faɗa. Da Nadine ta rama zafi da zafi ta haɗa kayanta, da ta tsira da gaskiyarta amma ta rasa mijinta, shi kuma da ya tsufa bai san abin da uwarsa ta rubuta masa ba. Ta yi haƙuri ba tare da ta saki abin da ta san daidai ne ba, sai ga shi ta samu 'yarta, ta samu mijinta, ta kuma samu uwa.