Kaset na Arba'in

Ranar da Auta ta fara ganin mai gyaran, durƙushe yake a tsakiyar falonsu ya buɗe cikin tsohuwar na'urar bidiyon Baba. Ta lura da dogayen yatsunsa da murmushinsa mai sauƙi. Minti goma bayan nan ta ji duk duniya ba wanda ta tsana kamarsa.

Baba yana da kaset arba'in na fim ɗin wani Sufeto mai ɗingishi, wanda aka riƙa nunawa a talabijin tun Auta tana ƙarama. Marigayiya Mama ce ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, don Baba direban jirgin ƙasa ne, sai ya dawo su kalla tare. Na ƙarshen ta ɗauka yana kan hanya, ta yi masa alkawarin ba za ta kalla ba sai ya iso. Ya iso ya tarar da ita a asibiti, ba ta kuma dawo gida ba. Shekara goma sha takwas ke nan, Baba yakan kalli talatin da tara ya koma na farko. Ya ce abin da ba ta sani ba, shi ma ba zai sani ba.

To, mai gyara ya gama aiki ya zaro kaset don gwaji. Duk kaset ɗin da ke cikin kwalin, sai hannunsa ya faɗa kan na arba'in. Hoto na fitowa ya washe baki.

"Au, na ƙarshe ne. Wanda aka gano ashe lauyan Sufeto ne yake kashe mutanen tun farko."

Baba ya miƙe a hankali ya shige ɗaki. Daga ranar bai ƙara kunna bidiyon ba.

A bakin ƙofa Auta ta zayyane masa abin da ya aikata.

"Wallahi ban sani ba," ya ce.

"Za ka sani."

Washegari saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, bakina ya ja mini. Kaset ɗin nan sun fara lalacewa. Ki bari in juye su a filashi, ko na rage laifi."

Auta ta karanta ta yi murmushin mugunta. Bawan Allah ya kawo kansa. Ta ƙudurta za ta ja shi a hankali har ya hango wa kansa ƙarshe mai daɗi, sannan ta ɓata masa shi yana ji yana gani.

Juyar kaset ba a yi mata gaggawa, sai ya yi wasa daga farko har ƙarshe. Don haka duk la'asar, in ta tashi daga makarantar da take koyarwa, sai ta biya shagonsa da kaset guda. Ta zauna a benci tsakanin matattun rediyo da warin dalma, su kalla, su yi ta musu.

A na sha biyu, Sufeto ya gano wata tsohuwa ce ta ƙona shagon surukinta, amma ya kau da kai.

"Ya yi daidai," in ji mai gyara. "Nadamarta ta ishe ta."

"Nadama ba hukunci ba ce. Wanda ya cuci wani, a rama."

"Kai, Sufetona, ba ki da sassauci."

"Ba ni da shi, Mai Laifi."

Haka sunayen suka bi su. Ta riƙa yi masa fara'a da gangan, tana lissafin yadda yake narkewa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, tun wajen na ashirin ta daina kallon agogo.

Da labari ya kai kunnen Baba, ya kira ta.

"Mutumin da ya kasa riƙe bakinsa na minti ɗaya, shi zai riƙe mini ke? Kada ma ya soma."

"Kwantar da hankalinka, Baba. Na san abin da nake yi."

Ran da suka gama na talatin da tara ya rubuto mata: "Sufetona, na amsa laifina, ina neman ɗaurin rai da rai a hannunki. In turo magabatana?"

Ranar da take jira ke nan. Ta kai masa na arba'in ta dire kan tebur ba ko zama, ta fita, ta tsaya a tsallaken titi inda za ta ga fuskarsa, sannan ta tura: "Bari in gaya maka ƙarshen naka fim ɗin. Ba zan aure ka ba, ban ma taɓa niyya ba. Yanzu ka ji yadda Babana ya ji."

Ta ga ya karanta, ya zauna a kan bencin nan ya dafe kai. Ta jira daɗin ramuwa ya zo mata. Ina, har ta isa gida kuka take, tana jin haushin kanta da ma take kukan.

Kwana tara bai ce uffan ba. A na goma ya yi sallama a gidansu, filashi a hannu ɗaya, kaset a ɗayan. Ko kallon Auta bai yi ba.

"Baba, magana ɗaya zan yi in tafi."

"Wadda ka yi ba ta isa ba?"

"A kaset ɗin nan duka babu talla. Wa yake yanke ta?"

Baba ya ce, "Marigayiya ce. Ba ta son talla. Tana zaune da rimot, talla na shigowa ta tsayar da ɗauka, fim na dawowa ta danna."

"To na arba'in ma babu talla ko guda, Baba. Sau huɗu aka tsayar, kowanne daidai wurin. Wanda ya bar ɗakin ba zai iya haka ba. Tana zaune har aka rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshe."

Sai Baba ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Ja'ira. Shi ya sa take min wannan murmushin a asibiti duk sanda na ce mu yi sauri mu koma mu gani." Ya share fuska. "Shekara sha takwas ina mata baƙin cikin ta tafi ba ta ga ƙarshe ba. Ashe ni kaɗai aka bari a baya. Kunna min, ɗana."

Mai gyara ya kunna, ya juya zai fita. Auta ta sha gabansa, kanta a ƙasa.

"Na rama, kuma ban ji daɗi ba ko na minti ɗaya. Ƙarya na yi maka da na ce ban taɓa niyya ba. Hukunta ni yadda ka ga dama."

Ya dube ta. "Ni ai kin san ra'ayina tun a na sha biyu."

"Ku zauna ko ku fita, kun tare min hoto," in ji Baba. "Kai kuma, magabatan naka su zo ran Asabar. Amma ka kama bakinka har a gama wannan."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannuwansu biyu a cikin nasa, ya yi ta sa albarka. Daga ƙarshe ya ce:

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Duk abin da kuka fara tare, Allah ya sa ku ga ƙarshensa tare."