Ɗan Japan da Yashin Kwanar Tsamiya

Inna Rakiya tana tankaɗen garin hatsi a tsakar gida da la'asar, sai wani ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan katanga da babur ɗinsa. Hannunta ya tsaya cak. Ta kasa kunne har ƙarar ta ɓace can wajen tasha, sannan ta ci gaba da aikinta. Shekara biyu ke nan haka take yi, kuma duk gidan sun koyi yin kamar ba su gani ba.

Ɗiyarta Mubarika ta matso da tabarma, ta zauna tana murza bakin zanenta.

"Inna... Hisham ya ce in hwaɗa miki, kawunnanshi na son su zo gaisuwa ran Juma'a."

"Wane Hisham? Ɗan Japan?"

"Haba Inna, ai ya bar wanga suna!"

"Shi ya bari, gari bai bari ba. Ki ce mishi kar su wahal da ƙahwahunsu. Na ba hanya ɗa guda, ba ni ƙara mata da ɗiya."

Mubarika ta sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan tabarma. Ta san wane ne ɗa gudan.

Luƙman ne, yayanta, ɗan farin Inna. Shekara ashirin da biyu ya yi a duniya, kuma saboda kunyar ɗan fari ko sau ɗaya Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana son sa sai ta ce "kai wancan", in tana maganarsa sai ta ce "yaron nan". Ranar da aka kawo gawarsa mata suka cika gidan da kuka, ita kuwa ta zauna a bakin ɗaki idonta ƙamas, aka yi ta yaba mata kawaici. Ba wanda ya tambaye ta inda ta kai kukan.

Luƙman da Hisham tun lakwal, wato makarantar boko, suke tare, tare kuma suka koyi gyaran mota. Abin da ya haukata su shi ne wani yaro ɗan ƙasar Japan mai tseren mota, Haruto, wanda suke kallo a waya. Su dai Haruna suke ce masa, kamar ɗan unguwarsu. Sun haddace tarihinsa fiye da karatun lakwal: yana da shekara shida ubansa makanike ya ɗora shi a 'yar motar tsere mai kama da kwandon kaji, yana sha huɗu ya cinye sa'o'insa kaf, yana sha bakwai ya bar uwa da uba ya tafi Turai shi kaɗai. Hisham ya fi zaƙewa, har ya manna hoton motar yaron a tankin babur ɗinsa. Daga nan Dogon Dutsi ta raɗa masa Ɗan Japan.

Sai ranar da aka ɗauko wata amarya daga Dumega. Kowa ya san yadda samari suke yi a rakiyar amarya: oda, ihu, a miƙe tsaye kan babur, kowa na son ya riga shiga gari. A kwanar tsamiya, kafin a shigo gari, babur ɗin Luƙman ya kwashe da shi. Tsofaffi suka ce doguwa ce, aljanar da ke cikin tsamiyar, ta karɓi rabonta, don ba shi ne na farko ba. Aka bar maganar a haka.

Washegarin maganarta da Inna, Mubarika ta bi ta tasha a hanyarta ta kasuwa. Hisham ya sayar da babur tun tuni, yanzu motar fasinja yake ja zuwa Dosso, kuma yaran tasha har tsiya suke masa wai amalanken jaki ya fi shi sauri. Ta same shi zaune a mota yana jiran lodi. Ta faɗa masa amsar Inna. A nan idonta ya kai kan madubin da ke sama da sitiyari, an naɗe shi da tsumma an ɗaure tam.

"Wanga kuma hwa? Ya hwashe na?"

"Lahiyarshi lau."

"To don mi ka ruhe shi?"

Hisham ya sa hannu ya taɓa tsumman.

"In na kai kwanar tsamiya, hitilar babur nika gani cikinshi. Da rana tsaka, Mubarika. Tana biye da ni, ba ta cim mini, ba ta barina. In na waiga, ba kowa." Ya juyo ya dube ta. "Ba doguwa ba ta. Ni na. Ni na matso kusa da shi na danna mishi oda, na ce, 'Luƙman, kurs, mu yi tsere! Wanda ya riga shi na Haruna!' Ya yi dariya ya murɗa. Ni na wuce, shi bai wuce ba."

Mubarika ta ja da baya. Ta dafa ƙofar motar.

"Shekara biyu kana zuwa ƙohwar gidanmu da wagga magana cikin cikinka?"

"Tsoro nika ji in rasa ki."

"Wallahi ka hi kusa da rasa ni yanzu! Ka tahi ka hwaɗa ma Inna da bakinka. In ba ka yi ba, ko ita ta yarda, ni ban yarda ba."

Ya je. Ya durƙusa a bakin zaure da hantsi, ya faɗi komai bai rage ba. Inna Rakiya tana daga ciki, labule tsakaninsu. Da ya gama, sai ya ji muryarta daga bayan labulen.

"Da ka bar ni da doguwata," in ji ta a hankali. "Ita ba ta da huska. Ba ta taɓa cin tuwo cikin kwanona ba. Tashi ka tahi, kar in ƙara jin takunka a nan."

Daga ranar Mubarika ba ta sake tsayawa da shi ba. Ta bi maganar uwarta, amma fa ta rame har wuyanta ya fito. Wani saurayi ɗan kasuwa, Sha'ibu, mai kirki da addini, ya aiko har sau biyu. Ta ce a ba shi haƙuri. Inna ba ta matsa mata ba, ita ma ba ta roƙi Inna ba. Suka zauna gida ɗaya, kowacce da abin da ke cin ta, in babur ya wuce su biyu suke yin shiru.

Shi kuwa Hisham, wata rana yana jiran lodi ya buɗe wayarsa da niyyar goge hotunan Haruto duka. Sai ya tarar yaron ya yi mummunan haɗari cikin ruwan sama, ya yi wata takwas yana jinya, ya dawo. Hisham ya tsaya ya kalli bidiyon tseren dawowarsa daga farko, wurin da shi da Luƙman kullum suke tsallakewa don ɗokin su ga gudu. Ga Haruto nan, kwana ɗaya kafin tsere, ba mota ba hular kwano, yana bin hanyar tseren da ƙafa. A kowace kwana sai ya tsuguna ya shafa kwalta da tafin hannu, ya duba abin da ya manne masa. Mai bayani ya ce tun yana yaro ubansa ya hana shi hawa hanyar da bai taka da ƙafarsa ba.

Hisham ya ajiye wayar. Shekaru suna kwaikwayon mutumin nan, ashe rabinsa kawai suka gani.

Da sassafe bayan wani ruwa ya tafi kwanar tsamiya a ƙasa. Da isarsa ya tsuguna ya shafa kwaltar. Hannunsa ya taso da yashi, laushi kamar gari, launinsa ɗaya da hanyar. Wata 'yar ƙorama ce take gangaro da shi daga tudu duk sa'ad da aka yi ruwa, ta shimfiɗa shi daidai inda mai babur yake kwantar da taya. Daga kan abin hawa ba mai ganinsa. Bikin nan ma kwana ɗaya bayan ruwa aka yi shi.

Ya koma gari ya sayi tsintsiya da shebur.

Tun daga nan, duk safiyar da ta biyo ruwa, kafin ya je tasha sai ya share kwanar tsaf. Gari kuwa ya samu abin taunawa. Tsofaffin mata suka ce doguwa ta kama shi yana mata bauta. Samarin masallacinsu suka tare shi suka ce ya ji tsoron Allah, shara a gindin tsamiya ai hanyar shirka ce. Yaran tasha suka ce Ɗan Japan ya samu aikin shara a meri, ofishin magajin gari. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Yashi na kawai. Ku zo ku taɓa." Damina ta wuce, wata ta shigo ta yi nisa, ba a sake ɗaukar kowa daga kwanar nan ba.

Maƙwabciyarsu Fati ce ta kawo wa Inna labarin, har da ƙarin gishiri. Da aka kwana ana ruwa, gari na wayewa Inna ta yafa mayafi.

"Mubarika, taso ki raka ni."

"Ina za mu, Inna?"

"Inda ban taɓa zuwa ba."

Da ƙafa suka tafi. Tun daga nesa suka hango tsamiyar, baƙa ƙirin da jiƙa, ruwa na ɗiga daga rassanta, da mutum ɗaya duƙe a ƙarƙashinta. Hisham ya ɗago ya gan su, tsintsiyar ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya durƙusa a kan kwaltar.

"Mi kake yi nan?" in ji Inna.

Ya ɗebo yashin ya miƙa mata. Ta murza shi tsakanin yatsunta, kamar yadda take duba gari.

"Wanga na ya kashe shi?"

"Wanga da ni, Inna. Ba ni iya maido shi. Amma yashin ina iya kwashe shi."

"Gwada mini wurin."

Ya kai ta gefen hanya, inda ciyawa ta tsiro kore shar. Ta tsaya tana kallon wurin. Iska ta kaɗa tsamiyar, ruwa ya zubo musu. Can wani babur ya taho, ya sha kwanar lafiya lau ya wuce, ta bi shi da kunne har ya ɓace. Sai bakinta ya motsa.

"Luƙman," ta ce. Ta sake cewa da ƙarfi, "Luƙman! Luƙmanuna!"

Mubarika ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Inna ta zube a kan ciyawar, kukan da ta riƙe sama da shekara uku ya ɓalle, ɗiyarta ta rungume ta suna yi tare. Hisham ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Da ta nitsa, ta tashi ta karkaɗe zanenta, ta dubi tsintsiyar da ke hannunsa.

"Kawo nan. Wa ya koya maka shara haka, kamar mai korar kaji?" Ta duƙa ta share ragowar yashin da kanta, ta miƙa masa tsintsiyar. "Ran Juma'a ina gida. Ka hwaɗa ma kawunnanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa, cewa ita za ta zauna gaban motar amarya, kuma ango ne zai ja. Dogon Dutsi ba ta taɓa ganin rakiyar amarya irin wannan ba: samari a bayan mota suna ta ƙunƙuni, ba mai ikon wuce Inna Rakiya. Kafin a tashi ta sa hannu ta kwance tsumman madubin, ta ce direba ba ya tuƙi da ido ɗaya. Hisham ya ɗaga kai a tsorace ya duba. Mubarika ya gani a kujerar baya, ta ɗan ɗaga mayafi tana kallonsa.

Haƙurin Mubarika bai tafi a banza ba, don ba ta saɓa wa uwarta ba, ba ta kuma yarda a gina aurenta a kan ɓoye-ɓoye ba. Samari kuma su ji: in za ku kwaikwayi gwani, ku fara daga inda yake tsugunawa, kada ku fara daga inda yake gudu. Wanda ya yi kuskuren da ba ya gyaruwa, ya faɗi gaskiya, sannan ya nemi abin da zai hana wata uwa irin wannan kukan. Har yau in aka yi ruwa a Dogon Dutsi, da sassafe za ka ga mutum da tsintsiya a kwanar tsamiya, kuma Inna Rakiya ce take ɗaure wa Hisham sabuwa duk damina.