Kawu a Cikin Baka Biyu

Ranar da Lubuto ta shigo ofishinsu a Lusaka, Kangwa ya gaji har idanunsa na yaji. Aikinsa rubuta littafin jagorar manhaja, wanda ba mai karantawa sai abu ya lalace.

"Kai ka rubuta wannan?" ta ce, ta dangwara masa littafin. "Na buga <sunanki> yadda ka sa, kwamfutar asibitinmu ta ƙi ni."

"Ai sunanki za ki sa a wurin. Abin da ke cikin baka mai kusurwa kuwa, [irin wannan], ganin dama ne, ana iya barinsa. Yanzu me za mu sa?"

"Lubuto."

Daga nan fa magana ta yi tsawo, har ta kai ga soyayya. Yana kiranta Waƙafina, wai duk inda ya gan ta sai ya ɗan tsaya ya numfasa.

Mahaifinta, tsohon malamin makaranta da ake kira Ba Sikazwe don girmamawa, bai so aurensu ba. Yana da wani mai kantin magani a zuciya. Lubuto ta yi ta lallashi har ta gaji, sannan tsohon ya rubuta saƙo, ta tura wa Kangwa:

"Ya zo ranar Asabar [da kawunsa]."

Bawan Allah, aiki ya cinye masa kai! Ya ga baka, ya ce ganin dama ne, ya tafi shi kaɗai. Tsoho kuwa abin da ya fi muhimmanci yake sawa a cikin baka biyu. Ko kujera bai ba shi ba.

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Na gaji, Kangwa. Baba ya ce ka raina shi, gobe zai amsa wa mai kanti."

Tsoro ya kama shi sosai. Ya hau motar garin Kabwe, ya ɗauko kawunsa daga gona, da asuba suna durƙushe a ƙofar gidan.

"Ba Sikazwe," in ji kawun, "yaron nan ba raini gare shi ba, wauta ce. Kwamfuta ta koya masa karatu."

Tsoho ya juya ga Kangwa.

"To 'yata fa? Ita ma ganin dama ce?"

"A'a, Baba. Ita dole ce."

Bayan damina aka ɗaura aure. Ba Sikazwe ya haɗa hannayensu, ya ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya. Na ba ka ita."