Wadda Ke Naɗe Shawarma a Cikin Inji

Ku rage surutu, ku matso. Wannan a kan Barira ya faru, wata ma'aikaciya a kamfanin abinci can Sharaɗa.

Shekara shida tana naɗe shawarma da hannu. Sai kamfani ya sayo inji, dogo kamar motar bas, aka ce shi zai riƙa naɗi. Inji ya ƙi. In burodin ya yi laushi ya yage shi, in ya bushe ya karya shi. Kabeji ya zube, kirim ya tsiyaye. Injiniyoyi suka yi wata biyu suna kwancewa suna ɗaurawa, a banza. Aka mayar da Barira mai kwashe ɓarna a bokiti.

Rana ɗaya, ba wanda ya taɓa komai, inji ya gyaru. Naɗi ya riƙa fitowa tsaf, kowanne bakinsa a liƙe. Manaja, Malam Sidi, har rawa ya taka. Aka riƙa raba wa ma'aikata ɗaya-ɗaya da rana. Barira ma tana ci.

Amma ita ta san burodi. Bakin kowane naɗi da danshi, ga yauƙi. In ta kai hanci, sai ta ji ɗan ƙarni.

Ran wata Juma'a maza suka tafi masallaci, mata suka fita cin abinci. Rana tsaka. Aka ɗauke wuta, ba a tayar da janareta ba. Fanka ta tsaya. Barira na wanke bokiti sai ta ji motsi.

Laƙwas. Laƙwas.

Naɗi na fitowa daga inji, ɗaya bayan ɗaya.

Ta je ta ja murfin gefe.

Wata tsohuwa ce tsugune a ciki, a wurin da ko kyanwa ba za ta shiga ba. Yatsunta dogaye, kowanne gaɓa biyar. Ƙafafunta kofato ne, irin na jaki, sun yi kaca-kaca da kirim. Ta ɗauki burodi, ta naɗe, ta zaro harshe baƙi mai tsawon kamu guda, ta lashe bakin burodin, ta manne. Yawu na ɗiga.

 Barira ta tuna sati uku tana ci.

“Sannu da aiki, Iya,” ta ce.

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Muryarta ta jariri ce.

“Ƙarfe bai san laushi ba, 'yar nan. Na gaji da ganin ɓarna.”

“Iya, mutane ke ci.”

“Sun yi ƙorafi?”

Tsohuwar ta lashe bakin wani burodin, ta manne.

“Ungo naki.”

Ta miƙo ɗaya, jiƙe sharkaf. Barira ta karɓa da hannu biyu, ta mayar da murfi a hankali, ta ja da baya har ƙofa. A bakin kwata ta durƙusa ta yi ta amai har sai da ta ga kumallo.

Da Malam Sidi ya dawo ta faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon injin.

“Kin faɗa wa wani?”

“A'a, ranka ya daɗe.”

“To ki bar shi a cikinki. Manyan kantuna huɗu ke jiran kaya gobe.”

Ya zaro naɗi ɗaya, ya duba bakin, ya sa a kwali.

Nan ta tuɓe rigar aiki ta ajiye masa. Ba ta sake komawa ba.

Sai da ta isa gida ta ga shawarmar tsohuwa a jakarta, alhali ta tabbata a kwata ta yar da ita. Ta jefa wa karen maƙwabta, ya sunsuna ya gudu yana kuka. Kwana uku tana yashe a tsakar gida, ko tururuwa ba ta hau ba, kuma da ɗuminta. Ƙarshe rami ta haƙa a bayan gari ta binne. Ta ce tana tura ƙasa tana jin abin na motsi.

Don haka ku ji da kyau. In kun ga inji na aiki babu wuta, kada ku leƙa cikinsa. In kuma ku kaɗai ne a wurin, ku nemi ƙofa.