Ranar Da Sharafaddeen Ya Fita Daga Taro

Da shirin faɗa Hanifa ta shiga ofishin tsare-tsare na kwalejin horar da malamai. Tun daga unguwar Yakité take haɗa maganganun da za ta zazzage, har mai babur ɗin da ya ɗauko ta ya waiwayo yana tambaya ko da shi take.

Sai ta tarar da wani dogon saurayi tsaye gaban taswirar birnin Bangui, yana soka mata ƙananan allurai masu launi.

"Kai ne mai raba ɗalibai zuwa koyon aiki a makarantu?"

"Ni ne. Sunana Sharafaddeen."

"Ni ce Hanifa, shugabar makarantar al'umma ta Yakité. Dubi taswirarka da kyau. Ko'ina allura, amma yankinmu na Kilomita Biyar wayam. Mu ba mu haihuwa ne?"

Ya dubi taswirar, ya dube ta, ya kuma duban taswirar, don ta fi sauƙin kallo. Cikin Hausarsa mai ɗingishi ya ce shi ma ɗan Kokoro ne, a cikin Kilomita Biyar ɗin, kuma gurbin nan ya daɗe yana ci masa rai. Tun lokacin rikici aka daina tura ɗalibai can. Ƙura ta lafa, amma ba wanda ya tuna ya gyara tsarin.

Faɗan da ta ƙullo ya warware, abin har ya ba ta haushi. Ta tafi ta bar masa lambar wayarta, saboda aiki kawai. Haka dai ta faɗa wa kanta.

Aikin kuwa ya yi ta kawo shi Yakité. Ya zo ya duba azuzuwa, ya zo ya ga hanyar da ɗalibai za su biyo, ya zo jin ra'ayin iyaye. Wata rana ya zo duba rijiya, alhali rijiya ba ta cikin tsarin kowa.

Da yammar ranar saƙonsa ya shigo: "Madam Darakta, yau na manta abin da ya kawo ni. Ina jin ke ce."

Ta rufe fuska da mayafi, ko da yake ba kowa a ɗakin. Ta rubuta: "Mai Tsari, wannan ziyarar a wane babi take?"

"A babin da ba ya ƙarewa. Mbi ye mo, Hanifa. Da Sango na faɗa, don kada Hausata ta ɓata min magana." Da yaren garin ke nan, ma'anarta ina son ki.

"Na ji. Amma ka riƙe ta a bakinka, sai manyanka sun zo wurin Baba."

Ya yi alkawari. Kawunsa ya tafi fatauci, da ya dawo za a zo.

Alhaji Yahuza, mahaifin Hanifa, dillalin atamfa ne, kuma shi ne shugaban iyayen yara na makarantar. Mutum ne mai son a bi komai ta ƙofarsa. Yana da wanda yake yi wa 'yarsa sha'awa: Luqman, ɗan amininsa, malami a wannan kwalejin kuma ɗan majalisarta. Hanifa ba ta ƙi gaisuwar Luqman ba, iyakarta ke nan.

Ranar Alhamis majalisar kwaleji ta zauna a kan sabon tsarin da Sharafaddeen ya haɗa na tura ɗalibai Kilomita Biyar. Ranar Juma'a Alhaji ya dawo daga Masallacin Koudoukou fuska a murtuke, ko darduma bai ajiye ba ya ƙwala mata kira.

"Ashe an yi miki miji ban sani ba?"

"Wane miji, Baba?"

"Luqman ya tare ni a ƙofar masallaci yana yi min murna. Wai yaron nan na Kokoro ya miƙe a gaban malaman kwaleji ya ce aurenki zai yi. Farfesoshi sun ji, masu kawo shayi sun ji, ni da na haife ki sai a titi! Ko goro ɗaya bai shigo gidan nan ba. To, kada in sake ganin ƙafarsa a Yakité."

Kunya ta rufe Hanifa, baƙin ciki ya biyo baya. Abu ɗaya ta roƙi Sharafaddeen, shi ne kuma ya kasa. Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Ka sa sunana a bakin mutane. Na gode."

Amsa ta zo nan take: "Hasken idona, dokar majalisa ce. Duk mai alaƙa da maganar da za a yanke, sai ya faɗa ya fita. Da aka karanta ta na kasa zama. Na yi kuskure da ban fara sanar da ke ba, jiya kuma kunya ta hana ni kira. Ki yafe min."

Ta kife wayar, ta yi kuka mai isarta. Hajiya Tasalla, mahaifiyarta, ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce, "Yi abinki, uwata. Amma fa wannan kukan bai yi min kama da na wadda ta daina so ba."

Abin mamaki, majalisa ta amince da tsarin. Bayan 'yan makonni motar kwaleji ta tsaya a ƙofar makarantar, samari da 'yan mata suka sauko da fararen riguna. Wasunsu ba su taɓa taka Kilomita Biyar ba, sai waige-waige suke. Yara suka tarbe su da ihu, mata suka leƙo suna guɗa. Hanifa ta ji daɗi har cikin ranta, amma idonta na neman mutum ɗaya, shi kuwa bai zo ba. An hana shi, ya hanu.

Shugabar kwalejin ce ta kawo su da kanta, wata dattijuwa mai furfura da kowa ke kira Madam. Da aka shiga ofis shan lemo, ta dubi Alhaji ta yi masa magana da Sango, Hanifa na tsaye tana zuba ƙanƙara.

"Na ji kana fushi da yarona."

"Yaronki bai san ƙofar gida ba, Madam."

"Bai sani ba, gaskiyarka. Amma bari ka ji abin da na sani. Kafin taron, wani malami ya same ni a keɓe, ya ce tsarin nan saboda wata budurwa aka kitsa shi, kuma da an gama ƙuri'a zai fasa ƙwai. Na yi shiru in ga ko yaron zai faɗa da bakinsa. Ya miƙe yana gumi, ya ce yana da niyyar neman auren shugabar makarantar Yakité idan mahaifinta ya yarda. Ya ajiye aikin da ya fi wata shida yana yi, ya fita, ya bar shi ba mai kare shi. Da ya yi shiru, da tsarin ya rushe, sunan 'yarka kuma ya fito a matsayin abin da aka ɓoye. Da ya yi magana, sunanta ya fito a matsayin wadda ake nema da aure."

Ƙanƙara ta suɓuce daga hannun Hanifa. Alhaji ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ya ce idan mahaifinta ya yarda?"

"Da kunnena na ji."

"Wannan kam ba a kawo min ita a ƙofar masallaci ba."

Hanifa na fita ta lalubo wayarta: "Mai Tsari, na ji komai. Singila mingi, na gode ƙwarai. Ka kare mutuncina, ni kuma ina nan ina yi maka fushi."

"Fushin ya ƙare, ko yana nan?"

"Saura kaɗan. Turo kawunka ya ƙarasa shi."

Kawu ya dawo, manya suka zo da goro da ban haƙuri, Alhaji ya ce zai yi shawara. Da suka tafi ya tara Hajiya Tasalla da ƙaninsa Baffa Audi a falo. Hanifa ta maƙale a bayan labule.

Alhaji ya gyara murya. "Na ji wata doka a wurin 'yan boko, ta kwanta min. Ni ma ina da alaƙa da maganar nan. Har yanzu ina jin zafin abin da aka yi min, kuma uban Luqman aminina ne, ina jin nauyinsa. In na zauna, ba alherin yarinyar nan kaɗai zan duba ba. Ku yanke, abin da kuka yanke na karɓa."

Ya ɗauki hularsa ya fita tsakar gida. Mutumin da ko kalar labule ba a sauyawa a gidansa sai da izininsa, ga shi zaune a kan turmi yana jiran hukunci.

Bai ma gama gyara zama ba Hajiya ta leƙo. "Alhaji, shigo, mun gama."

"Da wuri haka?"

"Ai mu tun tuni muka gama, fitarka muke jira."

Hanifa ta fito ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba, ta ce, "Na gode, Baba." Ya dafa kanta ya ce, "Tashi, uwata. Wanda ya ƙi ɓoye ki a gaban manya ba zai wulaƙanta ki a cikin gida ba."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Masallacin Koudoukou, a ƙofar da aka taɓa kawo gulma nan aka raba goro da alewa. Ɗaliban koyon aiki suka zo da ankonsu, Madam ta sha atamfar da Alhaji ya zaɓa mata da hannunsa. Luqman ma ya zo, ya yi addu'a, bai jira cin abinci ba.

Da aka kai amarya Kokoro, ta tarar da ƙaramar taswirar Bangui a bangon ɗaki, da jar allura guda ɗaya a kan Yakité.

"Wannan fa, Mai Tsari?"

"Inda aka tura ni koyon aiki ne, amaryata. Ba na son a ba ni takardar gamawa."

Ta yi dariya, ta zare allurar ta soka ta a kan Kokoro. "An yi maka canjin wuri. Nan za mu zauna."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya saka wa Alhaji Yahuza da alheri, dattijon da ya bar falonsa ya zauna a kan turmi saboda 'yarsa. Amin.