Makullin Mai Jego

Ƙarfe goma na safe aka kawo wa Sufeto ƙara. Wani kamfanin manhaja ya tura sabon laburarensa, wato ƙunshin manhaja na lissafin awon maganin yara, cikin rumbun intanet da masu shirya manhaja ke ɗiba. Shagunan magani tara sun sauke, lissafin kuma ya ninka awo. Yarinya ɗaya na kwance a asibiti.

Da makullin sirri na injiniyar da ta rubuta laburaren aka tura shi. Ita kuwa kwananta goma sha biyu da haihuwa.

Manajan kamfanin ya tarbi Sufeto da takardar korarta, har ya sa hannu.

"Ita ce, ranka ya daɗe. Daga gida ta tura. Ku kama ta kawai."

"Kai ne mai kamun ko ni?" in ji Sufeto.

Sufeto ya je gidanta, ya same ta a ɗaki da jariri a cinya, ido ya kumbura. Abin takaici, ko barka kamfanin bai aiko mata ba, sai ɗan sanda.

"Yallaɓai, manhajar da ke haɗa laburare ba ta turawa rumbu sai gwaji ya wuce," in ji ta. "Sai dai in mutum ya kashe gwajin da hannunsa. Shekara huɗu ban taɓa ba."

"Makullinki fa?"

"Ranar da zan tafi hutun haihuwa Manaja ya ce in rubuta masa a takarda, wai ko wani abu zai taso."

Sufeto ya koma kamfanin ransa a ɓace. Dogo, abokin aikin injiniyar, ya rantse bai san komai ba, yana ta murza linzamin kwamfuta. Sufeto ya sa shi ya sauke ƙunshin daga rumbu ya buɗe. Ashe manhajar haɗawa kan buga wa kowane ƙunshi hatimi: lokaci, da sunan kwamfutar da aka haɗa shi a kai. Dogo ya karanta, ya dubi ƙofar Manaja: sunan kwamfutarsa ne. Aka kira Manaja.

"Kwamfutata kowa na taɓawa," in ji Manaja.

"A ofishin da kake kullewa ko bayi za ka?"



"Masu saye suka matsa mini. Sau uku gwajin ya ƙi wucewa, sai na kashe shi. Na ɗauka ƙaramin abu ne."

"Da ta ɓaci kuma ka ɗora wa mai jego. Ba ka ji kunya ba?"

"Ai na ga tana gida, ba za ta iya..."

Sufeto bai bari ya ƙarasa ba.

"Kofur, sa masa ankwa. Kada ka bi ƙofar baya. Ta tsakiyar ofis za mu fita da shi, kowa ya gani."